JIJJIGAR MOTA DA GARDAMAR GIYA: YADDA AKE GANO CIWON MOTAR DA AKA YI WA DASHE

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Kano zuwa Katsina, daidai garin Tsanyawa, a lokacin kaka, ba zai rasa ganin akori-kura da ƙananan motoci sun sha lodi har sun durƙusa ba. Suna fitowa ne daga garuruwa irin su Yankamaye da Dumbulum, ɗauke da buhunan gero da dawa da wake da gyaɗa, sun nufi Bichi ko kuwa kasuwar hatsi ta Dawanau. Da wuya a sami ɗaya daga cikinsu wadda take nan yadda ta fito daga masana'anta. Wata an ƙara mata sifirin domin ta jure nauyi, wata an sa mata tayun da suka fi nata girma, wata an tsawaita bodinta, wata kuma an cire injinta na asali an dasa mata na wata mota dabam.

Wannan aiki shaida ne na basirar kanikawanmu. Motar Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, ta fara fitowa a Faransa a 1968, kuma kamfanin da ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975 ya ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Ba domin dabarar kanikawa ba, da tuni sauranta sun zama kwanon 'yan gwangwan. Amma fa idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Mu ɗauki misalin direban wata akori-kura mai ja da tayun baya. An dasa mata sabon inji, an ƙara mata ganyen sifirin biyu a kowane ɓangare. Ƙarfi ya samu, amma da zarar ta kai gudun kilomita 70 a awa, sai kujera ta kama karkarwa, madubi ya dushe, wani ƙugi ya cika kunne. Bugu da ƙari, ribas ba ta shiga sai da kururuwa, giya ta biyu kuma sai an yi kokawa. Ya sayi tayu, ya sake faifan kuloci, ya sake fulogi, duk a banza. An bar jaki ana dukan taiki. Manufar wannan maƙala ita ce nuna wa mai karatu cewa kowace jijjiga tana da lissafinta, kuma wanda ya san lissafin zai iya nuna ƙarfen da ke da laifi tun kafin a kwance noti ko ɗaya.

Hanyar Da Ƙarfi Ke Bi

Kafin a yi maganar ciwo, ya kamata a san jiki. Ƙarfin inji yana fitowa ta wani faifan ƙarfe mai nauyi da ake kira filawil. Daga nan sai kuloci, wanda aikinsa shi ne haɗa inji da giyabos ko raba su. Daga giyabos sai wani dogon bututun ƙarfe da ke ƙarƙashin mota, watau farfela, ya ɗauki juyin ya kai shi aksul na baya, inda haƙora ke rage saurinsa su raba shi ga tayu biyu. A kowane ƙarshe na farfela akwai wata gaɓa mai siffar gicciye, wadda kanikawa ke kira kuros. Ita ke ba farfela damar juyawa ko da aksul yana hawa yana sauka a kan gargada.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan sassa ba gudu ɗaya suke yi ba, kuma wannan bambanci shi ne mabuɗin bincikenmu.

Kowace Jijjiga Da Lissafinta

Tayar akori-kura, idan aka zagaya ta da igiya aka auna, ba ta rasa kusan mita 2. Motar da ke gudun kilomita 72 a awa tana cin mita 20 a kowace daƙiƙa, saboda haka tayarta tana juyawa sau 10 a daƙiƙa. A irin waɗannan motoci, farfela kan juya kimanin sau 4 kafin taya ta juya sau ɗaya. Ke nan a wannan gudun farfela tana juyawa sau 40 a daƙiƙa, watau sau 2,400 a minti. Inji mai silinda huɗu kuwa yana tashin wuta sau biyu a kowane juyi guda.

To, idan taya ce ba ta daidaita ba, za ta bugi mota sau 10 a daƙiƙa. Idan farfela ce ta lanƙwashe, bugun zai zama sau 40. Idan kuma kuros ne ke aiki a karkace, zai zama sau 80, saboda dalilin da za mu gani nan gaba. Kunnen ɗan Adam ba ya fara jin sauti sai bugu ya kai kimanin 20 a daƙiƙa. Wannan ne ya sa ciwon taya a jiki ake jin sa, ana ganin sitiyari ko kujera na rawa, amma ciwon farfela da kuros yana zuwa ne da ƙugi a kunne da zirzir a tafin ƙafa.

Mai karatu zai yi mamakin ƙanƙantar abin da ke haddasa wannan fitina. Ƙarfin da nauyi mai juyawa ke fizga da shi yana ninkuwa huɗu duk lokacin da gudu ya ninku biyu. Ɗigon walda mai nauyin giram 20 da aka bari a gefe ɗaya na farfela, santimita 4 daga tsakiyarta, yana fizga da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 5 idan tana juyi 2,400 a minti. Haka nan busasshen taɓo mai giram 100 da ya maƙale a cikin wili bayan an ratsa hanyar ƙauye da damina, yana iya fizga da ƙarfin kusan kilo 8 a gudun kilomita 72. Saboda haka matakin farko, kuma mafi araha, shi ne a wanke wili da farfela tas.

Gwaji Huɗu Da Ba Su Cin Ko Kwabo

Na farko, a tsayar da mota, a sa giya a firi, a taka totur sannu a hankali har inji ya kai ƙarar da yake yi sa'ad da jijjigar ke zuwa. Idan ta bayyana alhali mota ba ta motsa ba, to babu ruwan taya da farfela. Sai a duba inji, da filawil, da kuloci, da robobin da inji ke zaune a kansu, da kuma salansa, domin sau da yawa bayan dashe takan taɓa jikin mota.

Na biyu, a hau titi mai kyau wanda ba cunkoso, a kai gudun da jijjigar ke zuwa, sa'an nan a sauya giya ba tare da an sauya gudun mota ba. Wannan gwaji yana da muhimmanci ƙwarai, domin a yawancin motoci masu ja da baya, a giya ta huɗu inji da farfela gudu ɗaya suke yi, sai laifin wannan ya ɓuya a bayan wancan. Da an koma ta uku ko ta biyar, an raba su. Idan jijjigar ta sauya, daga ɓangaren inji take. Idan tana nan yadda take, to daga giyabos zuwa baya ne.

Na uku, a daidai wannan gudun, a mayar da giya firi na ɗan lokaci kaɗan, a ɗage ƙafa daga totur, amma kada a kashe inji. Idan jijjigar ba ta gushe ba, akwai abin da ke juyawa ba a daidaice ba, ko taya ko farfela. Idan kuwa ta ɗauke, sa'an nan ta dawo da zarar an sa giya an taka, to ciwo ne mai tashi idan ana ja, kamar kuros da ya ci, ko karkacewar farfela, ko robar inji da ta tsage.

Na huɗu, a gwada motar ba kaya, a kuma gwada ta da kaya. Idan nauyi na sauya jijjigar, hankali ya koma kan karkacewar farfela, domin lodi shi ke sauya tsayin bayan mota.

Ya kamata a riƙa rubuta sakamakon kowane gwaji, kuma idan an zo gyara a taɓa abu ɗaya a sake gwadawa kafin a taɓa na biyu. Wanda ya sauya abu uku a rana ɗaya, ko motar ta warke bai san abin da ya warkar da ita ba.

Abin Da Ƙarin Sifirin Ke Jawowa

Gaɓar nan ta kuros tsohuwar dabara ce. Wasu na jingina ta ga Gerolamo Cardano, masanin Italiya na ƙarni na 16, amma Robert Hooke na Ingila ne ya yi nazarinta sosai a wajejen shekarun 1670. Hooke ya gano wani hali nata mai ban mamaki. Idan sanda biyu da ta haɗa ba a miƙe suke ba, ko da ta farko tana juyawa da gudu ɗaya, ta biyu sai ta riƙa yin sauri tana lafawa, sau biyu a kowane juyi. Wannan shi ne asalin bugu 80 da muka ambata.

Girman wannan hawa da sauka ya danganta ne ga girman karkacewar. A digiri 3, bai kai kashi ɗaya cikin 500 ba. A digiri 10 kuwa ya kai kashi ɗaya da rabi cikin 100, watau farfelar da ya kamata ta yi juyi 2,400 a minti sai ta riƙa kai da kawowa tsakanin kimanin 2,364 da 2,437, sau 80 a kowace daƙiƙa. Maganin wannan shi ne a sa gaɓa biyu, ta baya ta warware abin da ta gaba ta ƙulla. Amma hakan ba ya yiwuwa sai da sharaɗi biyu. Na ɗaya, karkacewar gaba da ta baya su zama daidai da juna. Na biyu, kunnuwan da ke riƙe da kuros a ƙarshen farfela biyu su kasance a layi ɗaya. Ƙa'idar da masu ƙera farfela suka saba bayarwa ita ce kada karkacewar ta wuce kimanin digiri 3, kada bambancin gaba da baya ya wuce digiri 1, kuma kada ta zama babu sam, domin ƙananan alluran da ke cikin kuros suna bukatar ɗan motsi don giris ya zagaya.

Yanzu mu koma ga akori-kurarmu. Idan farfelarta ta kai mita 1.2, aka ƙara sifirin har baya ya ɗagu da santimita 6, to an ƙara wa karkacewar kusan digiri 3 a kan wadda take da ita. Idan kuma wajen dasa inji wutsiyar giyabos ta sunkuya ko ta ɗaga, sharaɗin farko ya rushe. Gyaran ba shi da tsada. Ana auna karkacewar giyabos da ta farfela da ta bakin aksul, sa'an nan a sa ƙarfe mai siffar weji tsakanin sifirin da aksul, ko a ɗaga mazaunin giyabos, har lissafi ya daidaita. A yi awon a tsayin da motar ta fi yin aiki a kansa, watau da irin kayan da ta saba ɗauka.

Sharaɗi na biyu yakan rushe ne a wurin walda. Sabon giyabos da wuya ya zo daidai tsawon tsohon, saboda haka sai a yanke farfela a rage ko a ƙara. Idan mai walda bai ja layi a jikinta kafin ya yanka ba, kunnuwan sukan goce. Haka kuma idan an zare bakin da ke zamewa aka mayar da shi a kan wasu haƙoran dabam. Daɗin daɗawa, kowace farfela tana da wani gudu da idan ta kai shi takan fara lilo kamar igiyar tsalle. Wannan gudu yana raguwa da sauri idan tsawo ya ƙaru. Ƙarin kashi 20 cikin 100 a tsawo yana rage shi da kusan kashi 30, ninka tsawo kuwa yana mayar da shi rubu'i. Dalilin ke nan da ya sa dogayen motoci ke da farfela mai gaɓa biyu da boris a tsakiya. Yankan farfela aiki ne na injin sassaƙa ƙarfe da awo, ya fi ƙarfin ido da guduma.

Masu motoci irin su Golf da J5, waɗanda ke ja da tayun gaba, su ba su da doguwar farfela. Suna da gajerun shaf biyu masu wata irin gaɓa da ba ta hawa da sauka, wadda Alfred Rzeppa, injiniya a kamfanin Ford, ya ƙirƙiro irinta a ƙarshen shekarun 1920. Gaɓar waje idan ta ci takan yi ƙas-ƙas a kwana, ta ciki kuwa takan girgiza mota idan an taka totur, ta lafa idan an ɗaga ƙafa. Babban makashinsu shi ne yagewar robar da ke rufe su, domin da yashi ya shiga giris, ya zama dutsen niƙa.

Gardamar Giya

Haƙora biyu ba sa shiga juna lami lafiya sai gudunsu ya zo ɗaya. A da, direba ne ke daidaita wannan da ƙafarsa, yana taka kuloci sau biyu, kamar yadda tsofaffin direbobin manyan motoci suka sani. A 1928 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da giyabos mai daidaita gudu da kansa. A cikinsa akwai zoben tagulla a gaban giya, wanda ke aiki kamar ƙaramin birki, ya kama ta ya daidaita gudunta kafin haƙora su haɗu. Amma zoben nan ƙarfinsa kaɗan ne. An yi shi ne domin ya tsayar da faifan kuloci da 'yan haƙora. Idan kuloci bai saki sarai ba, to an bar shi yana kokawa da inji sukutum, kuma ba zai daɗe ba zai cinye.

Gwajin a nan ma mai sauƙi ne. A kashe inji, a taka kuloci, a bi giya ɗaya bayan ɗaya. Idan suna gardama ko inji a kashe, a duba sandar giya da mahaɗanta da robobinta. Idan suna shiga salin-alin, amma da an tayar da inji sai gardama ta dawo, to kuloci ne ba ya saki. Ribas ce babbar mai ba da shaida, domin a yawancin tsofaffin giyabos ba ta da zoben tagulla. A taka kuloci har ƙasa, a ƙirga daƙiƙa biyar, a sa ribas. Idan ta yi kururuwa, faifan yana nan yana juyawa. Idan kuwa giya ɗaya tak ce ke ƙara, sauran lafiya, kuma taka kuloci sau biyu yana rage ƙarar, to zoben wannan giyar ne ya ci.

Me ke hana kuloci saki? Tazarar da ke raba faifan da filawil ba ta wuce 'yan milimita ba. Iska a cikin man kuloci, ko waya da ta saki, ko faifai da ya kumbura ko ya lanƙwashe, duk suna cinye wannan tazara. A motar da aka yi wa dashe kuwa akwai ƙarin dalili, domin akan haɗa filawil na wannan mota da faifan waccan da boris na wata, kaurinsu bai zo ɗaya ba.

Sai kuma mai. Man giya mai lamba GL-5 an yi shi ne domin haƙoran aksul, kuma sinadaran da ke cikinsa suna iya rage kamun zoben tagulla ko su ci shi. Giyabos da yawa GL-4 aka rubuta musu. Mai da ya cika kauri kuma yakan sa giya taurin kai da sanyin safiya a lokacin hunturu, sa'an nan ta saki idan mota ta ɗumama. A nemi man da aka rubuta wa giyabos ɗin da ke jikin motar yanzu, domin mai yiwuwa ba shi ne na asali ba.

Inda Ciwon Biyu Suka Haɗu

Sau da yawa jijjiga da gardamar giya reshe biyu ne na itace ɗaya. Sandar da ke shiga giyabos dole ta kasance a tsakiyar filawil daidai, kuma kuskuren da aka yarda da shi bai wuce kimanin milimita 0.13 ba, watau ɗan fiye da kaurin takardar rubutu. Masana'anta kan tabbatar da wannan da wasu ƙananan turaku biyu na ƙarfe tsakanin inji da giyabos. Wajen dashe, idan aka yanka farantin haɗi da wuta aka huda shi da ido, ko aka jefar da turakun domin sun hana noti shiga, sandar za ta zauna a goce. Daga nan sai bushin da ke riƙe bakinta ya ci, kuloci ya ƙi saki, cibiyar faifai ta tsage, giya ta riƙa fita da kanta, mota kuma ta yi ta karkarwa. Duk faifan da aka sa sabo, hanyar na farko zai bi. Direban da ya ga yana sauya faifan kuloci a kai a kai, ya san ruwa ba ya tsami banza.

Haka ita ma robar da ke ɗauke da inji ko giyabos. Idan ta tsage, inji zai riƙa murɗawa duk lokacin da aka taka totur, ya ja sandar giya, ya kuma sauya karkacewar farfela a lokaci guda.

Wayar Hannu A Matsayin Ma'auni

Joseph Fourier na Faransa ya nuna a 1822 cewa kowace kaɗawa, komai rikicewarta, ana iya rarrabe ta zuwa sauƙaƙan kaɗawa, kowace da adadin bugunta. Na'urar yin wannan aiki a da sai manyan ɗakunan bincike. Yau kuwa yawancin wayoyin zamani suna da ma'aunin motsi a cikinsu, kuma akwai manhajoji na kyauta, irin su phyphox da wata jami'a a birnin Aachen na Jamus ta fitar a 2016, masu auna karkacewa da adadin bugu. Sai a ɗaure wayar da kyau a daɓen mota, wani dabam ya riƙa dubawa direba na tuƙi, a ga ko bugun ya faɗa kusa da 10, ko 40, ko 80. A dai lura cewa waya ba ta iya ganin bugun da ya wuce rabin adadin awon da take yi a daƙiƙa, saboda haka wadda ke awo sau 100 iyakarta 50. Wannan fage ne da ɗaliban injiniya za su iya haɗa hannu da kanikawan garinsu, kowa ya ƙaru da ɗan'uwansa.

Kammalawa

Tun bayan cire tallafin man fetur a 2023, kowace tafiya daga Tsanyawa zuwa Dawanau ta ƙara tsada, kuma kuɗin da aka kashe a kan kayan gyaran da ba su ne matsalar ba, daga bakin iyali aka cire su. Amma abin ya wuce maganar kuɗi. Kuros na gaba idan ya tsinke ana cikin gudu, kan farfela yakan faɗi ya caki ƙasa, ya iya ɗaga bayan mota ko ya tsinka bututun birki. Giyar da ke fita da kanta kuma tana raba direba da taimakon inji a daidai lokacin da yake bukatar rage gudu da kaya a baya. Saboda haka yana da kyau a sa wa farfela ƙawanyar ƙarfe kusa da kanta na gaba, wadda za ta tare ta idan ta tsinke. Kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Shawararmu ga mai mota ita ce ya zo wa bakanike da bayani a rubuce: a wane gudu, a wace giya, da kaya ko babu, a sitiyari ko a kujera. Ga bakanike kuma, kafin ya yanke farfela ya ja layi, kafin ya ƙara sifirin ya auna karkacewa, kuma kada ya jefar da turakun nan biyu. Allah Ya kiyaye hanya.